Kilo Ɗaya da Rabi

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi da daɗi ba. Duk wanda ya zauna a bencin direbobi na bayan ofis sai ya ce, Idi, yaya Nijar? Idi, ina tsohuwar da ka ce za ka kawo? Ni ba mai yawan magana ba ne. Gara in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta, a ƙyale ni. Boko ban yi ba, ajin yaƙi da jahilci na shiga a Karshi da girmana, saboda haka kada wani ya zo yana yi mini gyara.

Ga wanda bai sani ba, ni mutumin Damargu ne, arewa da Damagaram. Shekarar da yunwa ta ɗauke mana uwa da uba, yayata Hajo ta kama hannuna muka taka kwana biyu zuwa bakin titin Tanut. Ta roƙi wani direban babbar mota ya ɗauke ni. Ita tana da aure, ta koma. Shekarata sha huɗu. Na yi yaron mota, na yi dako, na yi gadi, na kwana a ƙarƙashin tirela har na manta yadda katifa take, daga baya na zama direba. Shekara ashirin da uku ban koma ba. Da farko ba ni da abin kaiwa. Da na samu kuma, kunya ta hana.

Bara wani mai gadi a Wuse, mutumin wajenmu, ya ce mini Hajo tana nan da rai, mijin ya rasu, amma yanar ido ta rufe mata ido biyun. Na faɗa wa oga. Oga darakta ne a ma'aikata, Bazazzagi, shekara tara ina tuƙa shi. Ya ce, "Yanar ido ai ba wani abu ba ce, Idi. Je ka ɗauko ta, ina da likita." Lokacin ya yi sabuwar jif, kun san yadda shekarun nan suke, a Abuja ana canza mota kamar riga. Ya ce in ɗauki tsohuwar jif ɗin, ya ba ni hutun sati biyu, ya sa hannu a takardar fita da ita waje. Matata Rabi ta share ɗakin da ke jikin namu a Orozo. Abin da zan je yi ke nan: in kawo Yaya a buɗe mata ido.

Sai maganar taya. Na jikin motar sun cinye, sun yi sumul. Na je wajen Alhaji Nasiru, Bakanon da oga yake sayen taya a shagonsa a Wuse.

"Direba, ina za ta?"

"Nijar."

"Nijar ta kwalta ko Nijar ta rairayi?"

"Duka biyu."

Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, ya ɗora yatsa a kan rubutun jikin tayar. Ya ce in karanta. Turanci ba na iyawa, amma lamba ba ta ɓace mini. Na ce 285, sai 50, sai 20.

"To. Ta farko faɗi ne. Ta ƙarshe rim ne. Ta tsakiyar nan da ba wanda yake kallo, ita ce ranka, tsayin bangon taya ke nan. Hamsin gajere ne, direba. Wannan takalmin zuwa biki ne."

Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda a manne a jikin ginshiƙi. 265, 70, 16. Ya ce da wannan aka haife ta. Rim ashirin masu ƙyallin nan oga ne ya sa daga baya don kwalliya, kuma shi Alhaji da hannunsa ya cire na asalin, suna nan a sitonsa a Idu. Ya ce in aika a ɗauko. Ya jera mini taya uku na sha shida a ƙasa: mai laushin zane ta kwalta, mai haƙora da ke cin kwalta da daji, da wata siririya doguwa mai tib a ciki, irin ta mutanen hamada. Ya ce ta tsakiya zan sa, ko ta ƙarshen in ba na jin kunyar muni. Ya kuma ce kada wani ya ruɗe ni da 'yar gwanjo mai zane zara-zara kamar sabuwa, don ƙanƙarar Turai aka yi su, rana za ta dafa su kafin in kai Kaduna.

Na san gaskiya ya faɗa. Shekara nawa ina kan titi. Amma na kalli rim ɗin nan suna ɗaukar ido, na tuna yadda na bar garinmu ba takalmi. Na ce, "Alhaji, a sa mini irin na jiki, sababbi."

Ya ɗago ya kalle ni. "Ni ɗan kasuwa ne, wannan ta fi mini riba. Amma dai ka ji na faɗa."

Aka sa huɗu. Safaya kuwa ta asali ce, sha shida, tana rataye a ƙarƙashi. Na duba iskarta, na sa jak da famfon ƙafa da gejina na auna iska, na ɗora buhun shinkafa da atamfa uku.

Daga Abuja zuwa Kano ba abin da zan gaya muku, hanyarku ce. Motar tana tafiya kamar a kan tebur, har na ce a raina Alhaji tsoro ne da shi. Na kwana a Kano, da asuba na kama hanyar Daura, hantsi ina Kongolam.

A ɓangarenmu an buga hatimi an ce Allah ya kiyaye. A nasu igiya ce a gicciye a titi, ba ƙarfe ba, amma ba wanda ya isa ya tsallake ta. Jandarma ya zo ya sara mini kafin ya karɓi takarda. Tun da nake tuƙi ba a taɓa sara mini ba. Ya karanta kowace takarda daga sama har ƙasa, ya sa na buɗe inji ya duba lamba. Su jif ba jif suke ce mata ba, kat-kat. Taya kuma ƙafa. Ya zagaya motar ya ɗan shuri ta gaba.

"Kat-kat ɗin nan ƙafafun minista gare ta. Ina za ka, ɗan Najeriya?"

Na ce bayan Tanut. Na ce kuma ni ba ɗan Najeriya ba ne, ɗan Damargu ne.

Ya ce, "Bakinka ya ce a'a." Ya miƙo mini takarduna. "Allah shi kai ka lahiya."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji har Damagaram.

Na shiga garin da azahar, na tarar kamar an yi rasuwa. Shaguna a rufe, ofisoshi a rufe. Ashe haka suke, rana in ta take sai kowa ya je ya kwanta, sai la'asar. Na ce da a Wuse ne da wani ya zo ya kafa tebur a ƙofar shagonka kafin ka farka. Ba a danna hon. Mai babur yana tsayawa ya jira ka wuce. Na sauka a gidan wan mai gadin nan na Wuse, mai sayar da kilishi. Bai tambaye ni kwana nawa zan yi ba, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Burodinsu dogo ne kamar sanda, yana yanka dasashi. Shayinsu ba madara, a ɗan kofin da bai kai babban yatsa ba, kuma sau uku ne. Na sha na farko na miƙe, maigidan ya ce, "Zauna, ba a tashi a na ɗaya, zagi ne." Na zauna.

Sai aka kawo fura. Ba irin ta Abuja ba mai sukari da ƙanƙara. Tsarara ce, gero ne zalla da ɗan tsamin nono, a ƙwarya. Na kurɓa sau ɗaya na ji hannun uwata. Na ajiye ƙwaryar na fita waje na buɗe inji ina duba baƙin mai, wanda na riga na duba da safe.

Washegari na kama hanyar Tanut. Kwalta ce da suna. Wani wurin ramin ya fi kwaltar yawa. Ina kaucewa, ina kaucewa, sai wani rami ya same ni a bayan tudu, bakinsa kamar wuƙa. Na ji ƙarar har cikin haƙorina. Tayar baya ta dama ta tsage a bango, rim ya lanƙwashe. Da bangon dogo ne da ya shanye dukan. Na sauko da safaya na ɗaura, na lallaɓa zuwa Tanut.

A bakin tasha na sami wani tsoho mai faci, ana ce masa Baba Mamman. Ya zagaya motar hannunsa a baya.

"Ƙafa uku ta amarya, ɗaya ta jaki. Wa ya yi maka wannan?"

"Ni."

"To madalla, ba mai faɗa da kowa."

Na tambaye shi ko za a sami taya mai rim ashirin. Ya ce ashirin a nan sai ta manyan motocin kaya, in ina so ya ɗaura mini in zama gingimari. Ya ce tsagaggiyar ba ta facuwa. Na gaya masa Aduwa Uku zan je, garinmu. Ya san wurin. Ya ce in bi kwalta zuwa wata rijiyar siminti, daga nan in yanki yamma, rairayi ne har gida.

"In ka sauka daga kwalta ka rage iska. Kilo ɗaya da rabi. Kada ka wuce nan, ƙafafun nan ba su da tib. Kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi. Ka gane?"

Na ce na gane.

Ban gane ba. Mu nan in ka je wajen mai faci ce masa kake yi talatin da biyar, ko arba'in. Kilo na sani a wajen mai nama. Amma ga ni direban darakta daga Abuja, ga mutane sun taru suna kallon mota, ban iya buɗe baki na ce tsoho ya maimaita ba. Na yi lissafina ni kaɗai. Na ce su sifili suke yarwa, ɗaya da rabi sha biyar ke nan a gejina. Sai daga baya na san cewa ma'auninsu daban ne gaba ɗaya, ɗaya da rabi ɗinsu ya haura ashirin a namu. Sha biyar da na sa da kyar ta kai kilo ɗaya.

A bakin rijiyar na sauke iska, na sa giyar ƙafa huɗu, na shiga. Da farko daɗi. Motar tana shawagi. Na fara gane wurare, wani tudu da muke kiwo, wani kwari da ruwa yake kwanciya da damina. Zuciyata ta riga ni, ƙafata ta bi ta. Sai ga kututture a tsakiyar sawu. Na murɗa sitiyari da ƙarfi, abin da aka ce kada in yi. Na ji fuuu. Tayar gaba ta hagu ta saki bakin rim, iska ta fita gaba ɗaya, motar ta durƙusa kamar raƙumi.

Ba ta fashe ba, ta saki ne kawai. Amma duk direba ya san taya marar tib in ta saki baki, famfon ƙafa ba ya kama ta. Kana bugawa iska tana fita ta gefe. Na buga har gumi ya rufe mini ido. Safaya kuma tana ƙafa. Na zauna a inuwar motar.

Can la'asar sai ga amalanke, sa ɗaya yana ja, wani mutum mai rawani a kai. Ya yi sallama, ya sauko ya kalli motar, ya kalle ni. Sunansa Isufu. Ya ce ɗan wa? Na faɗi sunan babana, bai san shi ba. Na faɗi na kawuna, ya ce ya ji ana faɗi. Na ce to Hajo fa.

"Hajo uwar Ilu?"

Ban san wani Ilu ba. Ya ce ɗanta ne, shi kaɗai ya rayu. Ya tafi arewa neman kuɗi, Libiya, shekara shida ke nan. Shekara biyun farko yana aiko da saƙo, daga nan shiru. Isufu maƙwabcinta ne, matarsa ce take ɗebo mata ruwa.

Na kulle motar. Na ɗauki atamfa na hau amalanke. Ƙafafun amalanken tsofaffin tayoyin mota ne, sirara dogaye, irin wadda Alhaji Nasiru ya nuna mini. Ko a jikinsu. Haka na shiga garinmu, a bayan sa, ƙafafuna suna reto.

Garin ya ƙanƙance. Ko ni ne na saba da manyan gini. Isufu ya tsaya a ƙofar wani darni ya ce, "Hajo, ga baƙo na kawo miki."

Tana zaune a ƙarƙashin rumfa tana saƙar tabarmar kaba da lalube. Ta saki kabar ta miƙe da sauri har ta yi tuntuɓe.

"Ilu?"

Na ce, "Ba Ilu ba ne, Yaya. Idi ne."

Ta tsaya. Sannan ta miƙo hannu, na sunkuyar da kai, ta laluba har ta sami tabon da ke bayan kunnena, inda gugan ƙarfe ya sare ni ina ƙarami. Ta bar yatsanta a wurin.

"Motar da na saka ka ciki, sai yau ta juyo?"

Ta sauko da hannunta ta shafa kumatuna da kafaɗata.

"Ka yi ƙiba," ta ce. "Zauna. Ka ci wani abu?"

Da safe maza shida suka bi ni wajen motar. Na ce musu sai an je Tanut an ɗauko injin iska. Isufu ya yi dariya ya ce mutanen birni komai sai inji. Suka ɗaga ta a jak, suka share rairayin bakin rim, suka shafe shi da sabulu. Suka ɗaure cikin tayar da igiyar rijiya, suka zura taɓarya suna murɗawa har gefen ya buɗe ya manne. Ni ina kan famfo. Can muka ji tau, ta kama. Wani a cikinsu da ya taɓa aikin mota a Agadas shi ya dubi gejina ya nuna mini wasu ƙananan lambobi a ƙarƙashin manyan. Kilo ne. Shekara da shekaru gejin yana aljihun mota ban taɓa kallon layin ƙasa ba.

Na shigo da motar gari da rana tsaka. An fito an kalla, an taɓa. Abin da na so ke nan tun daga Wuse, kuma da ya zo ban ji komai ba. Na jawo hannun Yaya na kai ta. Ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, ta tsuguna ta shafa tayar gaba, ta auna bangonta da yatsu.

"Wannan ba ta da nama. Ko takalmi ba a fitarwa a nan. Cutarka aka yi?"

"Ni na zaɓa."

"Dama can ba ka iya zaɓe ba. Ko rake aka raba sai ka ɗauki mai tsawo marar zaƙi."

Kwana biyar na yi. Ta nuna mini inda aka sa iyayenmu, ko in ce ta gaya wa Isufu ya nuna mini, ba alama sai wasu duwatsu. Na gyara mata rumfa. Tana magana ina ji. Ta tambayi Rabi, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa na maimaita sunayensu har ta riƙe. Ta tambaya ko ana ruwa a Abuja, na ce har ya yi yawa, ta ce to ku kam Allah ya so ku. Kullum ina cewa gobe zan faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta sani. Ta bar ni ina zagaye.

Rana ta huɗu bayan sallar la'asar na faɗa. Na ce akwai likita, aikin ba ya daɗewa, akwai ɗaki an share. Na ce ko sati uku ne ta yi, in ta warke ni da kaina zan dawo da ita.

Ta ci gaba da saƙarta. "In Ilu ya zo fa?"

"Sai Isufu ya gaya masa. A bar masa saƙo."

"Mutum ya ratso hamada ya tarar da saƙo? Kai da ka zo, da darni ka tarar a rufe, da yaya za ka ji?"

"Yaya, shekara huɗu ba labari."

"Kai shekara ashirin da uku na zauna maka. Shi shida kawai ya yi."

Na ce to ai don shi ma ya kamata a buɗe idon, in ya zo ta gan shi. Ta ce ni da na zo ganina ta yi? Ai ta gane ni. Raina ya ɗan ɓaci, na ce ba ta gane ni ba, Ilu ta kira.

Ta ajiye kabar. "Kowa ya yi sallama a ƙofar nan Ilu nake cewa. Kafin shi, kowa ya yi sallama Idi nake cewa. Tambayi Isufu."

Na juya wajen Isufu, yana zaune a bakin darni yana gyaran igiya. Bai ɗago ba. Ya ce, "Har mai sayar da gishiri ta taɓa kira Idi."

Ban sake tayar da maganar ba.

Ranar tafiya ta sa aka ɗora mini gero rabin buhu, da cuku a ƙunshe a tsumma, da tabarmar da ta gama, ta ce ta Rabi ce. Na ce su ne masu buƙatar geron. Ta ce in rufe mata baki. Ta rako ni har jikin mota, hannunta a kafaɗata. Ta ce in na ga 'yan Nijar masu dawowa daga arewa a can Abuja in riƙa tambaya, dogo ne, yana da wushirya, yana ɗan in'ina in ya yi fushi. Na ce to. Ta ce, "Wannan karon kai ka hau da kanka, ba ni na saka ka ba." Na tayar da mota. A madubi na gan ta tsaye, fuskarta tana kallon inda ƙarar take, ba daidai inda nake ba.

Na bi sawuna a hankali, kilo ɗaya da rabi, ba birki, ba murɗiya. Ba abin da ya faru. Na iso rijiyar siminti rana ba ta yi zafi ba.

A nan dole a mayar da iskar da aka sauke kafin a hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Na fito da famfo. Aikin da ba ya wuce rabin sa'a in mutum ya sa ƙarfi. Na ɗaura a ta farko, ina takawa ina kallon yamma, inda sawun motar ya shige cikin rairayi. Wasu mata suka zo suka ɗebi ruwa suka tafi. Wani makiyayi ya shayar da awakinsa, ya tambaye ni ko famfon ya lalace ne ya taya ni. Na ce lafiyarsa lau.

Azahar ta same ni a kan taya ta uku.